Tsutsar Cikin Shanu a Ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi

Duk wanda ya ratsa kara a kasuwar Dutsin-Ma ta ranar Laraba wajen ƙarshen damina zai ga abin da ke ɗaure kai. Ciyawa ta wadata, tafkuna sun cika, amma ga maruƙa nan a rame, gashinsu ya yamutse, cinyoyinsu sun ɓaci da zawo, wasu har da kumburi mai laushi a ƙarƙashin haɓa. Ramar bazara kowa ya san dalilinta, yunwa ce. Rama a tsakiyar ƙoshi ita ce ke neman bayani, kuma sau da yawa bayanin tsutsar ciki ce. Ba ta kwantar da garke a dare ɗaya yadda bushiya ta yi a zamanin kakanninmu, shi ya sa ba a yi mata gangami. Shanun da take kashewa kaɗan ne, galibi ƙanana. Waɗanda take rage wa daraja su ne masu yawa: karsanar da ya kamata ta ɗauki ciki ta ƙara shekara ba ta ɗauka ba, saniyar da nononta ya ja baya har mai tallar fura ta ji a ƙwaryarta, sa na huɗa da ya tsaya yana haki tun hantsi bai ɗaga ba. Wannan asara ba ta da ranar da za a ce ga ta, don haka ba kowa ke lissafa ta ba.

Cikin saniya ɗaki huɗu ne. Babban ɗakin shi ne tumbi, kuma mahauta sun saba ganin wasu ƙananan halittu jajaye-jajaye, masu kauri, waɗanda tsawonsu bai wuce santimita ɗaya ba, manne da bangonsa. Ganinsu yana tayar da hankali, amma in sun girma sun zauna a tumbi ɓarnarsu kaɗan ce. Lokacin da suke ƙanana a farkon hanji ne suke iya jawo zawo mai tsanani ga maruƙa. Mai babbar ɓarnar tana ɗaki na huɗu, wanda ke haɗe da hanji, kuma ido ba ya saurin kama ta sai an wanke wurin an duba da natsuwa. Masana suna kiranta Hemonkus, mu kira ta jar tsutsa. Siririya ce, tsawonta santimita 2 zuwa 3, macen kuwa kamar an murɗa jan zare da fari wuri ɗaya: jan hanjinta ne cike da jinin dabba, farin kuma mahaifarta ce cike da ƙwai. Tana da ɗan tsinin da take tsaga bangon ciki da shi ta sha jini, in ta matsa gaba wurin ya ci gaba da tsiyaya. Likitocin dabbobi sun ƙiyasta tsutsa ɗaya tana jawo asarar kusan kashi 5 cikin 100 na mililita ɗaya a rana. Ƙaramin abu ne a baki, amma tsutsa 5,000 sun kwashe rubu'in lita ke nan kullum, kuma maraƙi ɗan wata shida ba shi da jinin da zai jure wannan har makonni. Daga nan ne cikin fatar ido da dasashi ke yin fari. Kumburin haɓa kuma ruwa ne da ya tsiyaye daga jijiyoyi saboda jinin ya rasa sinadarin da ke riƙe shi.

Ba ita kaɗai ba ce. Akwai ƙananan tsutsotsi a ƙaramin hanji masu hana abinci shiga jiki, akwai mai sa ƙuraje a bangon babban hanji har mahauci ya zubar da shi, akwai mai ƙugiya da ke huda fatar ƙafa ta shiga idan maruƙa sun kwana cikin caɓi. Sannan ga doguwar farar tsutsa mai kai santimita 30, wadda maraƙi ke samu ta nonon uwarsa tun yana ɗan kwanaki. Yawanci a haɗe ake samun su a dabba ɗaya. Littattafan da aka rubuta don Turai da Amurka ta Arewa sun fi ba da ƙarfi ga wata tsutsar ciki mai son sanyi, wadda ba ita ce damuwarmu ba, kuma jadawalin ba da maganinsu an gina shi ne a kan hunturunsu da bazararsu. Wanda ya ɗauko shi ya ɗora wa shanun Kurfi ya kuskure lokaci.

Lokaci kuwa shi ne kan maganar. Jar tsutsa mace ɗaya tana zuba ƙwai 5,000 zuwa 10,000 a rana, su fito cikin kashin shanu. In akwai laima da ɗumi, cikin mako guda ko ƙasa da haka sun ƙyanƙyashe sun kai matakin da za su iya kama dabba. Ruwan sama ya fasa kashin ya watsa su, su bi laimar jikin ciyawa su hau, galibi ba su wuce 'yan santimitoci daga ƙasa ba. Saniya ta haɗiye su da ciyawa, bayan kamar mako huɗu sun girma sun fara nasu ƙwan. A nan tsakiyar Katsina ruwa yakan zauna ne daga Yuni zuwa Satumba, wato zagaye uku ko huɗu ke nan a damina ɗaya, kowanne ya ninka na baya. Shi ya sa ciwon ba ya bayyana da ruwan farko. Sai an shiga marka a Agusta, zuwa Satumba da farkon kaka, sannan ake ganin maruƙan da suka yi daminarsu ta farko a makiyaya sun fara zubewa. Manyan shanu, musamman Bunaji da Rahaji da suka tashi a nan, jikinsu ya saba, suna ɗauke da tsutsa kaɗan ba tare da ta kayar da su ba. Waɗanda ba su kai shekara biyu ba su ne abincinta.

Da rani kuma al'amarin ya juya. Iskar hunturu da zafin bazara suna busar da kashin shanu su kashe ƙwai da 'ya'yan tsutsa, har fili ya zama wankakke. Da a ce tsutsar a waje kaɗai take rayuwa, da rani ɗaya ya gama da ita. To amma tun shekarun 1960 da 1970 masu bincike a Arewacin Najeriya, ciki har da na Zariya, suka nuna dabarar da take yi. 'Ya'yan tsutsar da dabba ta haɗiye a ƙarshen damina ba sa girma, sai su shige cikin bangon ciki su dakata, ba ci ba ƙwai, har tsawon watanni. Idan damina ta kusa sai su farka su girma kusan lokaci ɗaya. A duba lokacin da kyau: Afrilu zuwa Yuni ne, lokacin da harawa ta ƙare, karan dawa ya zama itace, shanu sun fi kowane lokaci rauni, kuma lokacin da manomi ke shirin ɗaura wa shanun huɗa garma. Tsutsar tana samun dabba a mafi raunin halinta, ta kuma zuba ƙwai daidai saukar ruwan da zai raya su.

Ƙasar Dutsin-Ma tana da wani abu da ya ƙara wa lissafin nan sarƙaƙiya, wato madatsar ruwa ta Zobe da aka kammala a 1983 a kan kogin Karaduwa. Da rani, idan ruwa ya ja baya, bakin dam da fadamun da ke kewaye su ne kore kaɗai a yankin, kuma nan shanu ke taruwa. Laimar wurin tana ba tsutsar ciki damar ci gaba da zagayenta a lokacin da ko'ina ya bushe. Sannan a irin wannan ruwa mai kwanciya ne ƙaramin dodon koɗin da ke raya tsutsar hanta yake zaune. Ita tsutsar hanta mai faɗi ce, tana iya kai santimita 7, kuma ba ta wucewa daga saniya zuwa saniya sai ta bi ta jikin dodon koɗi, ta fito ta manne a ciyawar bakin ruwa. Dabba ta ci, tsutsar ta ratsa hanji ta shiga hanta, ta yi wata uku zuwa huɗu tana huda ta kafin ta zauna a hanyoyin matsarmama. Alamunta kusan ɗaya ne da na jar tsutsa: rama, farin ido, kumburin haɓa. Shanun da suka dawo daga kudu da sammore ma haka suke yi, haka kuma wasu cututtukan kaska. Ciwo huɗu, fuska ɗaya, magani kuma kowanne da nasa. Wannan shi ne tushen yawancin kuɗin da ake zubarwa a banza.

Makiyayan da ba su taɓa leƙa madubin likita ba sun daɗe da sanin rabin wannan ilimi a aikace. Da damina ba sa sakin shanu da sassafe, sai rana ta ɗaga raɓa ta bushe, domin sun lura ciyawa mai raɓa tana ɓata ciki. Gaskiyarsu ce, laimar ce hanyar da 'ya'yan tsutsa ke hawa. Suna sauya mashekari idan ya yi caɓi, suna ɗaure maruƙa daban, suna gudun wasu fadamu da aka san suna sa hanta. Mafi girma duka, suna tafiya. Garken da ya bar wuri kafin mako ya zagayo ya bar ƙwan tsutsarsa a baya, kuma in bai dawo ba sai bayan wata biyu ko uku, yawancinsu sun mutu. Wannan tsari yana buƙatar fili, filin kuwa shi ne ya ƙare. Gonaki sun cinye burtali da mashaya a wurare da dama. Dajin Rugu, wanda tun da can shi ne mafakar shanun Safana da Batsari da Ɗanmusa da maƙwabtansu da damina, ya zama wurin da mai garke na gaskiya ke tsoron shiga saboda 'yan bindiga da ɓarayin shanu. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana sayar da dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, ciki har da Dutsin-Ma, ba da jimawa ba kuma aka katse layukan waya a yankin da ya haɗa da Dutsin-Ma da Kurfi. An janye waɗannan matakai daga baya, amma tsoron bai janye ba. Mutane sun jawo dabbobinsu kusa da gari, shanu da tumaki da awaki suna kiwo a 'yan filaye ɗaya kullum, suna kwana a turke ɗaya damina guda. A ganina duk wanda ke maganar tsutsar ciki a wannan yanki bai ambaci wannan ƙunci ba, ya bar babban dalili a baya. Ciyawar da aka cinye har ƙasa, aka kuma zuba mata kashi kowace rana, ita ce inda tsutsa ta fi yawa.

Da tafiya ta gagara, sai aka koma ga kwalba. Magungunan tsutsa na zamani iri uku ne suka fi yawa a kasuwanninmu: albendazol, wanda ake samu a ruwa fari ko a manyan ƙwayoyi, lebamisol, da aibamektin na allura. Magunguna ne na ƙwarai. Aibamektin ya shiga kasuwar dabbobi a 1981, kuma Satoshi Omura na Japan da William Campbell sun sami kyautar Nobel a 2015 saboda gano shi. Matsalar tana wajen yadda suke isa bakin dabba. Mai shanu ya tsaya gaban mai tebur ya ce, "Alhaji, a ba ni na tsutsa," shi kuma ya tambaye shi na nawa yake so. Kuɗin aljihu ne ke yanke yawan magani, ba nauyin dabba ba. Ƙwayar albendazol mai miligiram 2,500 an yi ta ne don dabba mai kilo 250 zuwa 330, gwargwadon ko hanta ake nufi ko tsutsar ciki. In aka raba ta biyu aka ba manyan shanu biyu, kowace ta sami rabin abin da zai yi aiki. Allurar aibamektin da aka saba gani mililita ɗaya ce ga kowane kilo 50, wato bijimi mai kilo 400 yana buƙatar 8, ba 3 ba. Kuma shi kaɗai ba ya taɓa tsutsar hanta sai an haɗa shi da wani sinadari, don haka wanda shanunsa suka yi rani a bakin Zobe zai iya yi musu allura sau uku hantar tana nan tana ruɓewa. Albendazol yana kashe manyan tsutsar hanta amma ba ya kashe ƙananan da ke cikin tafiya. Ba a ba da shi ga saniya a farkon cikinta, domin yana iya lalata ɗan tayi. Lebamisol kuwa tazarar da ke tsakanin magani da guba a cikinsa ƙarama ce, ƙari kaɗan sai dabba ta kama rawar jiki da dalala. Ga kwalaben da suka yi watanni a rana, ga na jabu da ba su da lambar NAFDAC ta gaskiya.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu da ba mu da ko saniya ɗaya. Kowane magani yana da kwanakin da ya kamata a jira kafin a sha nonon dabbar ko a ci namanta, an kuma rubuta a jikin kwalba. Aibamektin na allura yana daɗewa a nono ƙwarai, har ba a yarda a yi wa saniyar da ake tatsa don mutane ba. Nonon da aka tatsa washegarin allura yana ƙarewa ne a furar yaranmu.

Rabin magani ya fi rashin magani haɗari ta wata fuska. Yana kashe raunanan tsutsotsi ya bar masu juriya, su kuma su haifi irinsu. Duniya ta riga ta ga ƙarshen wannan hanya. Maganin farko na dangin albendazol ya fito a 1961, cikin 'yan shekaru aka fara samun jar tsutsar da ba ta jin sa. A Afirka ta Kudu da Ostireliya da Brazil akwai gonakin tumaki da kusan duk magungunan suka daina aiki. A nan ne shawarar da ta fi kama hankali take da tarko a cikinta, kuma ya kamata a faɗe shi a fili. Tunda da rani fili a wanke yake, kusan duk tsutsar yankin tana cikin dabbobi, sai mutum ya ce a ɗura wa kowace dabba magani a lokacin a huta. In an yi haka, 'yan kaɗan da suka tsira su ne waɗanda magani bai iya da su ba, kuma su kaɗai ne za su cika makiyaya da ƙwai idan ruwa ya sauka. Masana a yau suna ba da shawarar a bar wani kaso na tsutsa bai haɗu da magani ba, domin marasa juriya su ci gaba da rinjaye. Manyan shanu masu ƙiba da lafiya su ne suka dace da wannan aiki, tunda tsutsar ba ta cutar da su sosai.

Don haka abin da nake ganin ya dace da mu shi ne a zaɓa, a kuma cika mudu. Maruƙa da 'yan shekara ɗaya zuwa biyu su sami magani a tsakiyar damina, kafin nauyin ya kai ga kayar da su, su sake samu a farkon rani da maganin da ke kai wa ga masu dakatawa a bangon ciki, irin albendazol ko aibamektin. Shanun huɗa da saniyar da ta rame a duba su kafin ruwan farko. Sa da aka sayo a kara don turka a ba shi magani ranar da ya shigo, a ware shi 'yan kwanaki, kada ya kawo wa gida tsutsar wani gari. Garken da ya yi rani a fadama maganin hanta yake buƙata daban. Nauyi kuwa ba sai da sikeli ba, akwai igiyar awo da ake zagaya ƙirjin dabba da ita ta ba da ƙiyasi mai kyau, kuma in za a yi kuskure gara a ƙiyasta sama kaɗan, ban da lebamisol. A Afirka ta Kudu an ƙirƙiro wani kati mai launi biyar, FAMACHA, da ake gwada shi da cikin fatar ido a gane dabbar da jininta ya ragu. Don tumaki da awaki aka yi shi, kuma a nan ma zai yi amfani, domin ƙananan dabbobin nan sun fi shanu shan wahalar jar tsutsa, suna kuma kiwo tare da maruƙa.

Abinci rabin magani ne, kuma da ruwan ciki ake jan na rijiya. Jikin dabba yana yaƙi da tsutsa ne da sinadarin gina jiki, shi ne kuma abin da tsutsar ke sacewa. Maraƙin da ke samun harawar wake ko ta gyaɗa, da ɗan ƙulin auduga, da 'ya'yan gawo a bazara, zai ɗauki tsutsar da za ta kwantar da ɗan'uwansa mai cin kara zalla. Rabon nono ma yana ciki: idan aka tatse saniya ƙaf don kasuwa, maraƙin ne ke biya. Kwashe kashi daga turke a tara shi ya ruɓe kafin a kai gona yana kashe ƙwai da zafinsa, taki kuma bai ragu ba.

Ba zan raina sassaƙen maɗaci da marke da makiyaya ke jiƙawa ba. An gwada su a jami'o'in ƙasar nan an ga suna rage tsutsa zuwa wani mataki, haka ma itatuwa masu ɗaci da bauri irin bagaruwa. Sai dai ƙarfin jiƙo yana bambanta daga itace zuwa itace, daga hannu zuwa hannu, kuma maraƙin da idonsa ya riga ya yi fari ba shi da kwanakin jira.

Abin da ya fi ƙaranci a yankin nan shi ne gwaji. Da madubin likita da ruwan gishiri da ɗan kashin shanu ana iya ƙirga ƙwan tsutsa cikin mintuna. In an ƙirga ranar ba da magani aka sake ƙirgawa bayan kwana 14, maganin da ke aiki ya kamata ya rage ƙwan da kashi 95 cikin 100. Wannan gwaji kaɗai zai gaya wa mai garke ko kuɗinsa ya yi aiki, ya kuma gaya wa hukuma wane magani ne ya fara gazawa a wace gunduma. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, wadda ta faro tun 1924, tana yin allurar rigakafin ciwon huhu da harbin daji da wasunsu, kuma gangamin gwamnati yakan tsaya ne a kan irin waɗannan. Tsutsar cikin shanu ba ta da rigakafi a kasuwa. Wanda aka samar na jar tsutsa, da ya fito a Ostireliya a 2014, na tumaki ne. Saboda haka aikin na sa ido ne na kowace shekara. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da aka kafa a 2011, tana da sashen kimiyyar dabbobi da ɗalibai masu neman abin bincike, ga cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI a Shika da tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ga kuma ma'aikatar bunƙasa kiwo ta tarayya da aka ƙirƙiro a 2024. Mayankar gari ma makaranta ce: in ana rubuta yawan hantar da aka zubar kowane wata, da inda dabbar ta fito, cikin shekara biyu za a san fadamun da suka fi haɗari da watannin da ya kamata a guje su. Teburin gwajin kashi ɗaya a bakin kara ranar Laraba, da malamin dabbobi mai igiyar awo a gefensa, kuɗinsa bai kai na bijimi biyu ba, kuma makiyayan Kurfi da Safana da Ɗanmusa da malamin ba ya iya kai wa gare su saboda hanya, su da kansu suke zuwa wurin kowane mako.